Idan Numfashin Doki Ya Gaza: Cututtukan Huhu a Rijiyar Zaki da Kewaye

Tari na cikin koke-koken da masu dawaki a Rijiyar Zaki da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Ungogo suka fi kai wa likitan dabbobi, musamman daga shigowar hunturu zuwa ƙarshen bazara. Doki yakan kwana lafiya a turkensa, da safe a tarar bai taɓa dusarsa ba, ya sunkuyar da kai, hancinsa a buɗe, kuiɓinsa na hawa da sauka kamar wanda ya dawo daga sukuwa. Abin da akan ce shi ne sanyi ya kama shi. Sau da yawa haka ɗin ne, ya warke cikin mako guda. Wani lokacin kuma tarin farkon wata cuta ce da ta shiga naman huhu, wadda ko dai ta kashe dokin ko ta bar shi akwala.

A wannan yanki doki ba dabbar noma ba ce. Gonaki ƙanana ne, an noma kowane taƙi, aikin ɗauka kuwa na jaki ne da amalanke. Doki na hawa ne: hawan salla, hawan angwanci, kilisar yamma, rakiyar hakimi. Fanisau, inda Sarkin Kano ke zuwa Hawan Fanisau bayan babbar salla, tana cikin Ungogo, kuma a watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake kiyayewa. Duk wannan darajar a kan numfashi ta rataya. Dokin da ba ya iya sukuwar zango guda ba tare da haki ba ya faɗi a kasuwa, komai kyan launinsa.

Yadda huhun doki yake aiki

Doki ta hanci kaɗai yake numfashi, ba ya iya jan iska ta baki. Lafiyayye, idan yana hutawa, yana numfasawa sau 8 zuwa 16 a minti ɗaya, zuciyarsa na bugawa sau 28 zuwa 44, zafin jikinsa kuma digiri 37.5 zuwa 38.5. Idan ya saki ƙafa a sukuwa, kowane tsalle yana tafiya da numfashi ɗaya, kuma iskar da ke shiga huhunsa a minti guda tana haura lita 1,500, alhali a tsaye ba ta kai lita 100 ba.

Iskar tana bin maƙogwaro, ta rarrabu cikin bututu masu ƙara siranta, har ta ƙare a miliyoyin ƙananan jakunkunan iska. Bangon kowace jaka siriri ne ƙwarai, a bayansa kuma jijiyoyin jini ne ƙanana, ta nan iskar oksijin ke ratsawa zuwa jini. Cutar huhu na iya zama a ɗaya daga wurare huɗu: cikin bututun, cikin jakunkunan, a bangon da ke tsakaninsu, ko a tantanin da ya lulluɓe huhun daga waje. Mai doki yana jin tari iri ɗaya, amma magani da makomar dabbar sun dogara ga inda cutar ta zauna.

Kumburin bangon jakunkunan iska

Cikin waɗannan, ciwon da ya fi wuyar ganewa, ya kuma fi wuyar magani, shi ne kumburin da ke kama bangon jakunkunan iska. A nimoniyar da aka saba da ita, ƙwayoyin bakteriya ne ke cika wani sashe na huhu da mugunya, galibi ta ƙasa da gaba, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta yakan yi aiki. A wannan kuwa bangon ne kansa ya lalace, kusan a ko'ina cikin huhun biyu.

Lalacewar tana tafiya mataki-mataki. Da farko ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe bangon suna mutuwa, ruwa mai yauƙi ya tsattsafo daga jini ya cika jakunkunan. A wannan matakin doki na iya mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu, dasashinsa ya koma shuɗi-shuɗi. Idan ya tsallake, jiki yakan shiga gyara, sai dai gyaran da ƙwayoyin halitta masu kauri yake yinsa. Daga nan tabo ya biyo baya. Huhun da ya yi tabo yakan taurare kamar ƙirgin da ya bushe a rana: ba ya buɗewa sosai, iska ba ta ratsa shi, kuma babu allurar da ke mai da shi yadda yake.

Shi ya sa numfashin irin wannan doki gajere ne, mai sauri, wahalarsa wajen jan iska take. Yana ramewa ko da yana ci. Zazzaɓi na zuwa yana tafiya. An yi masa allura zagaye biyu, uku, babu canji.

Dalilan suna da yawa, kuma a dawaki da dama ko an buɗe gawar ba a gano takamaiman dalili. Akwai ƙwayoyin bairos, musamman na murar dawaki. Akwai shaƙar hayaƙi idan barga ko rumbun harawa ya kama da wuta. Akwai ƙurar dutse mai sinadarin silika, wadda aka tabbatar tana taurara huhun dawaki a yankin Monterey na jihar Kalifoniya a Amurka. Akwai kuma guba. Tsire-tsiren dangin Crotalaria, masu rawayar fure da kwanson da ke kaɗawa idan ya bushe, waɗanda a wasu wuraren ake kira biya-rana, suna ɗauke da gubar da ta fi cin hanta, amma a Afirka ta Kudu da Brazil an ga wasu nau'o'insu sun lalata huhun dawaki. Dangin nan na fitowa a gefen hanya da saurukan ƙasar Hausa. Doki ba ya son su ɗanye, matsalar ita ce idan an yanko su cikin ciyawa sun bushe tare. Maganin feshin ciyawa na paraquat, wanda manoma suka daɗe suna amfani da shi kafin hukumar NAFDAC ta haramta shi, shi ma huhu yake nufa kai tsaye idan dabba ta haɗiye shi.

A 2007 masu bincike a Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka suka bayyana wani nau'i na daban, inda tabon ke taruwa dunƙule-dunƙule a cikin huhu, suka danganta shi da wata ƙwayar bairos ta dangin herpes, lamba ta 5. Ya fi kama manyan dawaki. Ana gwada masa magungunan rage kumburi na steroid da maganin bairos irin su valacyclovir na tsawon makonni, kuɗi mai yawa, kuma mafi yawan waɗanda suka kamu ba sa tashi.

Annobar 2018 zuwa 2019

Masu jakuna a Arewa ba su manta da ƙarshen 2018 ba. A watan Disamba aka fara ganin jakuna na tari suna faɗuwa a jihar Sakkwato. Cikin watanni kaɗan abin ya game jihohin Arewa da dama, ya kuma bayyana a Nijar, Mali, Burkina Faso, Chadi da Senegal. Ƙiyasin da aka yi ya nuna jakuna da dawaki fiye da 60,000 suka mutu a yankin, mafi yawansu jakuna.

Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, ta tabbatar murar dawaki ce nau'in H3N8. Binciken ƙwayar ya nuna 'yar'uwar wadda ta yi ɓarna a Kudancin Amurka ce a 2018, abin da ya sa ake zargin ta shigo ne da dawakin da aka sayo daga can. Ba wannan ne karo na farko ba, domin a 1991 ma an samu ɓarkewar murar a tsakanin dawakin folo a Ibadan.

Mura a lafiyayyen doki ba ta cika kisa ba. Zazzaɓi mai zafi har digiri 41, busasshen tari, majina mai ruwa, sai sauƙi. Abin da take yi a ɓoye shi ne kankare shimfiɗar cikin bututun iska, wadda ke share ƙura da ƙwayoyin cuta zuwa waje, kuma shimfiɗar na bukatar kimanin mako uku kafin ta dawo. A cikin waɗannan makonni huhu a buɗe yake ga kowace cuta. Jaki ya fi doki shan wuya a hannun murar, tana saurin gangara masa zuwa bangon jakunkunan iska, ga shi kuma ba a ba shi hutu. Wanda abincin gidansa ya dogara ga lodin yashi ko taki ba ya iya ɗaure jakinsa mako uku.

Ƙa'idar likitoci ita ce hutun mako guda a kan kowace ranar da dabbar ta yi da zazzaɓi, kuma kada ya gaza mako uku. Ita ce ƙa'idar da aka fi karyawa, musamman idan salla ta matso an riga an karɓi kuɗin hayar doki.

Cutar ƙarshen damina

Daga marka zuwa kaka wata cutar ce ke jiran dawaki, wadda littattafan likitanci ke kira cutar dawakin Afirka. Ba ta yaɗuwa daga doki zuwa doki ta numfashi. Ƙyashi ne ke ɗaukar ta, wani ɗan ƙwaro mai cizo da tsawonsa bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba, yana hayayyafa a danshin ƙasa mai haɗe da kashin dabbobi, yana cizo daga faɗuwar rana zuwa fitowarta.

Bairos ɗin yana da nau'i 9, kuma jijiyoyin jini yake lalatawa. Idan ya faɗa wa huhu, ruwa ne ke cika shi. Dokin ya ware ƙafafun gaba, ya miƙe wuya, gumi na zuba, a ƙarshe kumfa ta fito ta hanci, wani lokaci sa'o'i kaɗan bayan an lura ba shi da lafiya. Kusan kashi 95 cikin 100 na masu wannan siffar suna mutuwa. Akwai siffa ta biyu mai kama zuciya, wadda ake ganewa da kumburin ramin da ke saman ido da na kai da wuya, tana kashe kimanin rabi. Babu maganinta.

An fara ware ƙwayar a Nijeriya a farkon shekarun 1970, nau'i na 9, kuma wajen 2007 aka tabbatar da nau'i na 2 a dawakin folo a Legas. Gwaje-gwajen jini da aka yi a Arewa sun nuna mafi yawan dawakin gida sun taɓa haɗuwa da ita suka rayu. Wannan ya sa wasu ke ganin cutar baƙin dawaki ce, irin na Ajantina da ake kawowa don folo. Da gaskiya a ciki, amma ba duka ba: kariyar da doki ya samu daga nau'i ɗaya ba lallai ta tsare shi daga wani ba, dukushi kuma kariyar da ya sha a nonon goɗiya tana ƙarewa cikin watanni.

Rigakafin da aka fi sani daga Onderstepoort ta Afirka ta Kudu yake zuwa, allura biyu da tazarar mako uku, kafin lokacin ƙwari. Yana bukatar sanyi tun daga masana'anta har zuwa wuyan doki, a nan kuma ake yawan samun tangarɗa. Inda ba a samu ba, abin da ya rage shi ne shigar da doki ɗaki kafin magariba, a rufe tagogi da raga mai ƙananan ramuka, domin ƙyashi na ratsa gidan sauro na yau da kullum. Al'adar tada hayaƙi da ɗanyen ganye a gefen turke tana korar ƙwari, sai dai dokin ne ke shaƙar hayaƙin har asuba.

Abin da hannu ke jawowa

Kaso mai yawa na ciwon huhun dawaki a ƙasar Kano ba annoba ce ke kawo shi ba, yadda ake kiwo ne.

Ɗura na kan gaba. Ana ɗaga kan doki sama, a zura kwalba ta gefen baki, a tuttula jiƙon kanwa ko sassaƙe ko man gyaɗa, wani ma har ya riƙe harshen. Doki ba ya iya haɗiya da kyau a haka. Abin da ya kauce ya bi maƙogwaron iska sai ya sauka a huhu. Bayan kwana biyu ko uku zazzaɓi ya tashi, numfashin ya fara ɗoyi, majina mai launin ƙasa-ƙasa ta fito. Mai ya fi haɗari, don ba ya tada tari sosai yayin da yake gangarawa. Irin wannan nimoniya na ruɓar da huhu, kuma sau da yawa ciwon cikin da aka yi ɗurar dominsa da ya wuce da kansa.

Sai tafiyar mota. Dawaki da yawa na shigowa Kano daga kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari a Jigawa da Mai'aduwa a Katsina, wasu sun taso tun daga Nijar ko Chadi, kuma ana kai su hawa Zariya, Katsina, Bida ko Ilori. A cikin mota akan ɗaure ragama gajere don kada su yi faɗa. Doki kuwa sai ya sunkuyar da kai majinar maƙogwaronsa ke fita. Idan kan ya daɗe a sama na sa'o'i, ƙwayoyin cutar da ke zaune a maƙoshi sai su gangara. Sakamakon shi ne nimoniya mai haɗe da taruwar ruwa a ƙirji, wani lokaci lita da yawa, sai an huda tsakanin haƙarƙari an zuƙe. Dokin yakan tsaya ƙiƙam, ya ƙi juyawa, ya yi nishi idan an danna masa ƙirji.

Ƙura ita ce ta kullum. Harawar wake da ta gyaɗa da ake jibgewa a kan rufi ko a reshen bishiya, idan ruwan ƙarshe ya taɓa ta, takan yi fumfuna a ciki. Ingirici da ƙowa da dusa duk suna tada ƙura daidai hancin doki, ga hazon hunturu a kai. A yankin da gidaje suka cinye fili kamar Rijiyar Zaki, doki da yawa a zaure ko a wani lungu mai rufin kwano yake kwana, ba taga, warin fitsari na hawa ido. Daga nan fukar dawaki ke samuwa. Ita a bututu take, wahalarta wajen fitar da iska ce, har wani layi ya fito a gefen ciki saboda yawan matsawa. Babu zazzaɓi. Ana yawan rikita ta da kumburin bangon jakunkuna, bambancin shi ne mai fuka yakan samu sauƙi cikin kwanaki idan an fitar da shi iska aka riƙa jiƙa masa harawa kafin ya ci.

Zama da jaki ma na da nasa haɗarin. Akwai tsutsar huhu da jaki ke ɗauke da ita ba tare da ta dame shi ba, amma idan doki ya yi kiwo inda jakin ya yi kashi, sai ya kwashi tari mai naci. Maganin tsutsa na ivermectin na kashe ta, in dai an ba jakin shi ma.

Dukushi ɗan wata 1 zuwa 6 yana da abokiyar gaba tasa, bakteriyar Rhodococcus equi, mai zama a busasshiyar ƙasa mai haɗe da kashin doki. Tana yin ƙuraje a huhu a hankali, dukushin na tsotso yana wasa har sai abin ya yi nisa. Penisilin ba ta isa gare ta, sai haɗin rifampin da azithromycin ko makamancinsa na makonni.

Inda ra'ayi ya bambanta

Likitocin dabbobi na kukan cewa ba a kiransu sai an gama gwaji. Kafin su ga dokin an yi masa allurar oxytetracycline daga shagon magani, an bi da penisilin kwana biyu an daina, an ƙara da dexamethasone. Wannan na ƙarshe yana sauke zazzaɓi, dokin ya koma cin abinci, a ɗauka ya warke a ɗaura masa sirdi, alhali maganin ya rage wa jikinsa ƙarfin yaƙi da cutar. Abin lura shi ne steroid ɗin nan shi ne babban makamin likita a kan kumburin bangon jakunkuna da fuka. Amfaninsa da cutarwarsa sun rataya ga sanin wace cuta ake fuskanta.

Masu dawaki su ma suna da hujja. Yawancin ma'aikatan lafiyar dabbobi da ke kusa da su a kan shanu da awaki da kaji suka ƙware. Tabbatar da kumburin bangon jakunkuna na bukatar hoton ƙirji, da wanko ruwa daga cikin huhu, wani lokaci da ciro ɗan naman huhun a duba, kayan aikin da ba a cika samu ba sai a asibitocin koyarwa irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Kai doki mai haki Zariya a bayan mota shi kansa haɗari ne. Tsofaffin masu kula da barga, waɗanda suka gaji aikin, sukan gane dokin da ba shi da lafiya tun daga tsayuwarsa, kuma ba sa jin daɗin a raina wannan sanin. Buɗe tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Bayero, wadda sabon mazauninta ke kan titin Gwarzo kusa da Rijiyar Zaki, ya kawo masana kusa, ko da yake ƙwarewa a kan doki aba ce mai ɗaukar lokaci.

Dillalai kuwa ba su da abin da zai sa su bayyana tari. Mai saye da ya san abin da yake yi yakan sa a sukwani dokin, ya tsaya ya ga minti nawa numfashin zai ɗauka kafin ya kwanta.

Abin da ke hannun mai doki

Ma'aunin zafin jiki bai kai kuɗin buhun dusa ba, amma barga kaɗan ce ke da shi. Da shi da agogo mai doki zai raba tarin da za a jira da wanda ba ya jira: zafi sama da digiri 39, numfashi sama da 30 a minti alhali dokin na tsaye a inuwa, majina mai wari ko kumfa, kumburi a saman ido, ko ƙin abinci fiye da yini. Ko ɗaya daga ciki ya isa a kira likita a ranar.

Sabon doki, ko wanda ya dawo daga hawa a wani gari, ana ware shi mako biyu zuwa uku da bokitinsa da linzaminsa, domin mura da cutar kumburin maƙoshi mai fashewa da mugunya duk ta kwatarniyar ruwa da hannun yaron doki suke zagayawa. A doguwar tafiya ana sassauta ragama, a tsaya kowane sa'o'i huɗu ko biyar a shayar, a auna zafin jiki safe da yamma na kwana uku bayan sauka. Abinci a ƙasa ake zubawa, harawar da ta yi fumfuna a zubar, maganin sha kuma a cuɗa shi cikin dusa ko a shafa a harshe maimakon ɗura.

Idan doki ya mutu da alamun huhu, buɗe gawar a gaban likita ne kaɗai ke nuna ko sauran na cikin haɗari. Murar dawaki da cutar dawakin Afirka duka suna cikin cututtukan da ake bukatar a sanar da ofishin lafiyar dabbobi na jiha da zarar an yi zarginsu, daga nan a aika samfurin jini ko na huhu da saifa zuwa Vom cikin ƙanƙara.